Yadda Ake Tsara Barbarar Shanu da Allurar Homon, Mataki-mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu kiwo, kowa da yadda yake faɗarta: saniyata wata shida ke nan da haihuwa ba ta sake neman sa ba, wace allura zan yi mata? Wasu kuma sun ji cewa ana iya sa shanu ashirin su nemi barbara a rana ɗaya, suna so su san hanyar. Ana yi ɗin, kuma babu wani ɓoyayyen abu a ciki. Amma gara in faɗa tun yanzu, waɗannan allurai na homon, wato sinadaran da ke tafiyar da neman barbara da fitar ƙwai a jikin saniya, babban aikinsu saita lokaci ne. Saniyar da yunwa ta ci, ko wadda ke da ciwo a mahaifa, ko kwalba guda aka ɗura mata ba za ta ɗauki ciki ba. Nauyin aikin yana wuri biyu: zaɓen shanun da suka cancanta, da kiyaye awoyi ba tare da sakaci ba.

Magungunan nan na likitan dabbobi ne, shi zai duba ya rubuta. Na kawo adadinsu ne don ka gane abin da ake yi wa dukiyarka, ka kuma iya tsayawa a kan aikin. Idan abin da ke rubuce a takardar maganin da ke hannunka ya saɓa da nawa, bi takardar da maganar likitanka.

Ka riƙe lissafi uku a ka. Saniya mai lafiya da ba ta da ciki tana neman barbara kusan duk kwana 21, wani lokaci 18, wani lokaci har 24. Ƙwanta yana fita kimanin awa 24 zuwa 32 bayan ta fara tsayawa ana hawanta. Ciki kuma yana ɗaukar kwana 283 ko kusa da haka, shanu masu tozo su kan ɗan ɗara.

1. Tantance shanun da za su shiga shirin

Abu na farko, a duba ciki. Kowace saniya, har wadda ka rantse sa bai kusance ta ba. Likita zai sa hannu ta dubura ya laluba mahaifa, ko ya yi amfani da na'urar hoton ciki.

Gargaɗi: ɗaya daga cikin alluran da za a yi, furostagilandin, tana zubar da ciki, musamman a watanni biyar na farko. Na taɓa ganin wanda ya yi wa shanunsa ita ba dubawa, don yana ganin sun daɗe ba su nemi sa ba. Ashe dalilin shirunsu ciki ne. Cikin mako guda uku suka yi ɓari, kuma har yau abin yana min ciwo in na tuna, domin dubawar ba ta kai minti biyu a kan kowace saniya ba.

Na biyu, a ƙirga kwanaki daga haihuwa. Mahaifa tana buƙatar wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kafin ta koma yadda take. Kada a sa saniya a shiri sai ta kai kwana 45, kuma idan ta sha wahalar haihuwa ko mabiyiya ta maƙale mata, a bari ta kai 60.

Na uku, a dubi jiki. Likitoci suna auna ƙibar saniya daga maki 1 zuwa 5, inda 1 ke nufin fata da ƙashi, 5 kuma kitse ya rufe ko'ina. Abin da ake so shi ne 2.5 zuwa 3. In ka tsaya a gefenta kana iya ƙirga haƙarƙarinta duka da ido, ƙashin ƙugunta ya yi tsini, gindin wutsiya ya rame ya yi rami, to ba ta kai ba. A nan ne yawancin masu tambayata suke. Saniyar da ke shayar da maraƙi alhali ba ta ƙoshi, jikinta da kansa yake dakatar da ƙwai, kuma abinci ne zai sake buɗe shi. A ware irin waɗannan, a ƙara musu abinci mai ƙarfi da gishirin lasa mai sinadarai na mako shida zuwa takwas, sannan a sake dubawa. Saniya mai maki 2.5 da jikinta ke hawa ta fi mai maki 3 da ke zubewa saurin ɗaukar ciki.

Karsana kuwa nauyi ake dubawa fiye da shekaru: ta kai kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin babbar saniya irin jinsinta. Kuma a tambayi tarihinta. Karsanar da aka haifa tagwaye tare da namiji, tara cikin goma irinsu juya ne tun daga ciki, babu allurar da za ta gyara su.

In garken yana yawan ɓari a watannin ƙarshe na ciki, a ɗibi jini a gwada cutar bakkale kafin komai. Tana kama mutum ta ɗanyen nono da ta taɓa mabiyiya da ruwan haihuwa da hannu tsirara. Maganin tsutsa, na kaska, da rigakafi duk a gama su aƙalla wata ɗaya kafin ranar farawa.

2. Ware masu buƙatar magani tukuna

Dubawar likita za ta fito da wasu da matsalarsu ta wuce ta lokaci. Su ma da homon ake yi musu magani, amma daban da sauran.

Akwai wadda ruwan ƙurji ya taru mata a mahaifa, ba ta neman sa, har a ɗauka ciki ne da ita. Wannan furostagilandin ake yi mata, bakin mahaifa ya buɗe ta zubar da ruwan, wani lokaci a maimaita bayan kwana 11 zuwa 14. Haka ake yi wa wadda ɗa ya mutu ya bushe a cikinta. Akwai kuma mai ƙullutun ruwa a ma'ajiyar ƙwai, wadda ko dai ta riƙa neman sa kowane 'yan kwanaki tana kuka tana hawan 'yan uwanta, ko ta yi shiru gaba ɗaya. Ita wata allurar homon mai suna GnRH ake fara yi mata, sai furostagilandin bayan kwana 7 zuwa 10.

Gargaɗi: deksametason, da mutane ke yawan yi wa dabba don kumburi ko ciwon gaɓa, yana sa saniya mai tsohon ciki ta haihu kafin lokaci, kuma sau da yawa mabiyiya ta maƙale. Kada a yi wa mai ciki shi sai da sanin likita. Mabiyiyar da ta wuce awa 12 zuwa 24 ba ta faɗo ba kuma, kada a ja ta da ƙarfi, kada a ɗaura mata dutse. Jan yana yaga mahaifa ya jinkirta ɗaukar ciki na gaba.

3. Zaɓi tsarin da ya dace da garkenka

Magunguna huɗu ne ake juyawa.

Furostagilandin: a jikin kwalba za ka ga dinoprost, kamar Lutalyse, ana yin miligiram 25, wato mil 5, ko cloprostenol, kamar Estrumate, maikirogiram 500, wato mil 2. Bayan saniya ta fitar da ƙwai, wani ƙullutu rawaya yana tsirowa a gurbinsa, likitoci na kiransa CL, shi ke hana ta sake neman sa. Allurar tana narkar da shi, sai ta nemi barbara cikin kwana 2 zuwa 5. Amma tana aiki ne kawai in ƙullutun ya nuna, wato daga kusan kwana na 6 zuwa na 17 na zagayen nan na kwana 21. Saniyar da zagayenta ya tsaya gaba ɗaya, wannan allura ba ta yi mata komai.

GnRH: gonadorelin maikirogiram 100, ko buserelin, kamar Receptal, maikirogiram 10. Tana sa ƙwan da ya girma ya fita.

Furojestaron: wata roba ce mai siffar harafin T da ake sa wa a farji, an fi saninta da CIDR, akwai kuma wata irinta mai suna PRID. Muddin tana ciki, jikin saniya yana zama kamar mai ciki. Da an cire, sai ta zabura neman barbara. Ita ce ke iya tayar da wadda zagayenta ya kwanta.

eCG, kamar Folligon: yana taimaka wa ƙwai ya girma a shanu masu shayarwa da waɗanda jikinsu ke kan iyaka.

Daga cikinsu ake haɗa tsari. Mafi arha shi ne furostagilandin kaɗai. Ka lura da garke kwana biyar, duk wadda ta nema a yi mata barbara, a rana ta shida a yi wa sauran allura, a ci gaba da lura kwana biyar. Ko a yi wa kowa allura biyu, tsakaninsu kwana 11 ga karsana, 14 ga manyan shanu, a lura bayan ta biyun. Sharaɗinsa shanun suna zagaye da ma, kuma akwai mai ido a kansu.

Na biyu ana kiransa Ovsynch, an fito da shi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1995 don shanun madara, ga yadda aka fi yin sa: GnRH a ranar farko, furostagilandin bayan kwana 7, GnRH kuma bayan awa 56, sai a sa maniyyi, wato a zuba mata maniyyin bijimi da hannu ba tare da sa ya hau ta ba, bayan awa 16 ko an ga alama ko ba a gani ba. Yana yi wa manyan shanun madara kyau, amma bai cika yi wa karsana ba.

Na uku shi ne CIDR tare da GnRH da furostagilandin. Shi na fi so wa mai shanu masu tozo ko masu maraƙi a gindi, domin irin waɗannan neman barbararsu gajere ne, sau da yawa cikin dare suke yi, gari ya waye an wuce wurin. Shi zan bi dalla-dalla a matakan da ke gaba.

Wata ƙila ka ji ana maganar tsarin estiradayol, wanda aka fi amfani da shi a Barazil da Ajantina. Yana aiki, amma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi don wannan aiki a dabbobin da ake ci, Amurka ma ba ta amince da shi ba. Likitanka ya san dokar inda kake.

4. Haɗa kaya, ka yi lissafin kuɗi

Kafin a taɓa saniya ko ɗaya, komai ya kasance a hannu, har maganin ranar ƙarshe. Shirin da aka fara sannan aka rasa allurar tsakiya ya lalace, kuɗin farko ya tafi.

Za ka buƙaci shingen da ake matse saniya ta tsaya cak, lambar kunne ko wata shaida ga kowace, littafi da biro, sirinji na mil 5, allurai masu lamba 18 da tsawon inci ɗaya da rabi, safar hannu gajeru da dogaye masu kai wa kafaɗa, abin tura CIDR, man santsi na likitanci, bokiti biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta irin chlorhexidine, takardar goge jiki, fenti ko allin shafa wa gindin wutsiya, da akwatin sanyi. Mai sa maniyyi zai zo da tulun naitirojin da ake ajiye maniyyi a daskare a ciki, tsinkayen roba da maniyyin ke ciki, bindigar sawa, wato ƙarfen da ake zura tsinken a ciki, da rigunanta, almakashi, da ma'aunin zafi.

Gargaɗi: yawancin GnRH da eCG a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a bari su daskare. Kwalbar da ta kwana a mota cikin rana tana nan da kamanninta amma ƙarfinta ya ragu. Duba ranar lalacewa, ka saya a wurin da ka san suna ajiya yadda ya kamata. eCG gari ne da ake haɗawa da ruwansa, a haɗa shi ranar da za a yi amfani da shi.

Wajen kuɗi, a cikin magunguna CIDR ce ta fi tsada, sai eCG, furostagilandin da GnRH suna ƙasa. A kan wannan ka ɗora kuɗin maniyyi, wanda ya danganta da darajar bijimin, da ladan mai sawa, da zuwan likita aƙalla sau biyu, da ƙarin abinci. Sannan ka yi lissafin gaskiya: a garken da ake kula da shi sosai, kusan rabin shanun ne ke ɗaukar ciki a zagaye ɗaya. In ka sa ashirin, ka sa ran goma, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. Ke nan kuɗin ciki ɗaya ya kai ninki biyu na abin da ka kashe a kan saniya ɗaya. Kowace ramammiya da ka cusa a shirin don kada a bar ta a baya tana ƙara wa sauran tsada.

5. Rubuta kalanda, ka faro daga ƙarshe

Fara da tambayar yaushe kake so a haihu. Ka zaɓi lokacin da abinci ke wadace, ka ja baya wata tara da 'yan kwanaki, ka sami ranar barbara. Kauce wa tsakiyar tsananin zafi in da hali, domin zafi yana raunana ƙwai kuma yana kashe ɗan tayi a kwanakinsa na farko. Sannan ka tabbatar da mai sa maniyyi zai samu zuwa a wannan rana da wannan awa, kafin ka sa CIDR ko ɗaya.

Ga misali ga manyan shanu. Litinin da yamma a sa CIDR a yi GnRH. Litinin mai zuwa da ƙarfe 5 na yamma a cire CIDR a yi furostagilandin. Ana sa maniyyi bayan awa 60 zuwa 66, wato Alhamis tsakanin ƙarfe 5 na asuba da 11 na safe, tare da GnRH ta biyu. Na zaɓi yamma ne da gangan. In ka cire da ƙarfe 8 na safe, lokacin sawa zai faɗo tsakanin 8 na daren Laraba da 2 na dare, kuma mutane da yawa a nan suke cewa bari gari ya waye, su rasa lokacin.

Karsana ta fi sauri, awa 52 zuwa 56 ne nata. In an cire mata Litinin da ƙarfe 11 na safe, sai a sa mata Laraba da misalin 5 na yamma. Don haka kada a haɗa karsana da manyan shanu a jadawali ɗaya. Kada kuma ka sa shanu da yawa fiye da waɗanda za a iya gamawa cikin awa uku zuwa huɗu. In suna da yawa, a raba su rukuni-rukuni.

6. Ranar farko: sa CIDR da GnRH

A shigo da shanu a hankali, ba duka, ba ihu, ba karnuka. Ka sa safar hannu kafin ka buɗe ledar CIDR, domin homon ɗin yana shiga ta fata. Tsoma abin turawa a ruwan maganin kashe cuta, naɗe fukafukan CIDR ka zura ta ciki, igiyarta tana baya. Shafa man santsi a baki. Wani ya ɗaga wutsiya, a goge farji tas da takarda. Zura abin turawa yana ɗan kallon sama da farko don ya kauce wa mafitsara, sannan ka miƙe shi har ya tsaya da kansa, ka danna ka zaro. Igiyar za ta rage a waje tana kallon ƙasa. In ta yi tsawo a rage ta saura kamar tsawon yatsa, musamman ga karsana, domin 'yan uwanta suna jan ta da baki.

Tsakanin kowace saniya da ta gaba, a ɗauraye abin turawa a bokitin farko, a tsoma a na biyu mai magani. Rashin yin haka shi ke yawo da cuta daga farji zuwa farji.

Sai GnRH a tsokar wuya, a gaban kafaɗa, allurar ta shiga ciki sosai. Sabuwar allura ga kowace saniya, kuma sirinjin GnRH daban da na furostagilandin, a yi musu shaida. Rubuta lambar saniya da awa nan take. Kullum safe da yamma a zaga a ga igiyoyi suna nan. Wadda tata ta faɗi, a rubuta ta a sanar da likita, kada a ɗauko ta daga ƙasa a mayar.

7. Rana ta bakwai: cirewa da furostagilandin

Ja igiyar a hankali, CIDR za ta fito. Za ka iya ganin farin ruwa mai ɗan kauri a jikinta, wannan ba abin tsoro ba ne, yana wucewa da kansa. In ba ka ga igiya ba, likita ya laluba ta dubura, wani lokaci ta shige ciki ne. CIDR da aka manta a ciki tana hana saniya neman barbara.

Nan take a yi furostagilandin a tsokar wuya, cikakken adadi. In wani ya zube ko saniya ta fizge, a sake yi. Wurin da za a soka ya zama busasshe mai tsabta, domin soka allura ta cikin kashi da laka na iya jawo mugun kumburi mai kisa. In likita ya ga dacewar eCG, yanzu ake yin sa, yawanci IU 300 zuwa 400, IU kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin maganin da ke rubuce a kwalba.

Gargaɗi: mace mai ciki, da mai asma ko wani ciwon numfashi, kada su taɓa furostagilandin ko kusa. Yana ratsa fata, yana iya jawo wa mace ɓari, yana kuma shaƙe mai asma. In ya zuba a fata a wanke da sabulu da ruwa nan da nan. Wannan magana ba ta wasa ba ce, ka faɗa wa duk wanda ke taya ka aiki, ka kuma kulle kwalbar inda yara ba sa kaiwa.

Gargaɗi na biyu: kada a ƙara eCG don neman tabbaci. Yawansa yana sa ƙwai da yawa su fita, a sami tagwaye, su kuma sukan zo da wahalar haihuwa, maƙalewar mabiyiya da 'yan maruƙa marasa ƙarfi.

A shafa fenti a gindin wutsiya. CIDR da aka cire a tattara su a leda a zubar yadda takardar ta ce, kada kare ko wata dabba ta tauna. Wasu suna raba maruƙa da iyayensu na awa 48 daga wannan lokaci don ƙwai ya samu fita, dabarar tana taimakawa, amma sai maruƙan sun yi ƙwari kuma an tanadar musu ruwa da abinci.

8. Lura da alamu

Ko da tsarinka mai ƙayyadadden lokaci ne, ka lura, domin abin da ka gani zai gaya maka ko shirin ya kama. Alama tabbatacciya ɗaya ce: ta tsaya cak wata ta hau ta. Sauran, irin su yauƙi mai haske kamar farin ƙwai, kumburin farji, yawan kuka, raguwar nono da gogewar fenti, masu nuni ne kawai. Ka ba su rabin awa da sassafe, rabin awa da almuru, lokacin da ba cin abinci suke ba.

Ga mai bin tsarin furostagilandin kaɗai, wannan mataki shi ne komai. Wadda ta tsaya da safe a sa mata maniyyi da yamma, wadda ta tsaya da yamma a sa mata washegari da safe. In ka ga ɗan jini a wutsiya bayan kwana biyu, alamar ta riga ta wuce ne, sai a ƙirga kwana 18 zuwa 19 a jira ta gaba.

9. Ranar barbara

Sa maniyyi aikin wanda ya koya ne, amma ka tsaya ka ga an kiyaye waɗannan. Maniyyi yana cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ba a ɗago mariƙin tsinkaye sama da wuyan tulu, kuma ba a wuce 'yan daƙiƙu ana nema. Tsinken da aka ciro a jefa shi a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 na daƙiƙa 30 zuwa 45, da ma'aunin zafi, ba da yatsa ba. A goge shi ya bushe, domin ɗigon ruwa yana kashe maniyyi. A ɗumama bindiga, a kare ta daga rana, a gama sawa cikin minti 10 zuwa 15 da narkarwa. Kada a narkar da tsinke biyar lokaci guda alhali shanun suna gardamar shiga shinge. Ana zuba maniyyin ne daidai inda bakin mahaifa ya ƙare, a hankali. Sai GnRH ta biyu, sai rubutu: lambar saniya, sunan bijimi, awa.

Zaɓen bijimi ma yana da gargaɗinsa. Maniyyin babban jinsi a kan ƙaramar karsana yana kawo ɗan da ba zai fito ba. Ga karsana a nemi bijimin da aka san 'ya'yansa ba sa girma da yawa a ciki.

In da sa za ka yi barbarar, likita ya duba marainansa da maniyyinsa tukuna. Ya zama babba wanda ya saba, kuma kada a ba shi fiye da shanu 15 zuwa 20 da aka saita tare, domin duk cikin kwana biyu zuwa uku za su nema.

10. Makonni shida na farko

A bar su su huta. Kada a canza abinci kwatsam, kada a rage. Inuwa da ruwa su wadata. In dole ne a ɗauke su a mota, a yi cikin kwana huɗu na farko, ko a bari sai bayan kwana 42. Tsakanin nan ɗan tayi bai kama sosai ba, wahala kaɗan ke zubar da shi. Kada wani ya yi musu wata allura ba tare da ya duba littafin ba. Batun shan nono ko yanka bayan magani kuma, kowane magani da kwanakin jiransa a takardarsa.

Daga kwana na 18 zuwa 24 a koma lura safe da yamma, waɗanda ba su ɗauka ba za su sake nema, kuma wannan neman na kansu yana da kyau ƙwarai, a yi musu barbara. In sa ne zai share ragowar, a sake shi cikinsu bayan kwana 10 zuwa 14 da sa maniyyi, don a iya bambance ɗan wane ne daga ranar haihuwa.

11. Duba ciki, da abin da za a yi da sauran

Na'urar hoto tana ganin ciki daga kwana 28 zuwa 30, hannu kuma daga 35 zuwa 45. Rashin dawowa neman sa bai isa shaida ba. Yana da kyau a sake dubawa wajen kwana 60 zuwa 90, domin wasu cikin suna lalacewa a tsakani.

In abin da aka samu ya yi ƙasa da rabi sosai, buɗe littafin kafin ka zargi magani. Duba makin jikin waɗanda suka faɗi, kwanakinsu daga haihuwa, awar da aka cire CIDR da awar da aka sa maniyyi, da yadda aka ajiye kwalabe. In ramammu ne suka faɗi, abinci ne. In faɗuwar ta bi kowa ba bambanci, a binciki maniyyi, tulu da hannun mai sawa.

Waɗanda aka tabbatar ba su da ciki za a iya sake sa su a shiri a ranar dubawar, in jikinsu ya kai. Saniyar da aka yi wa barbara sau uku a kan lokaci, da maniyyi mai kyau, jikinta kuma a cike, amma ba ta ɗauka ba, a daina maimaita mata allura. Likita ya yi mata cikakken bincike na mahaifa da hanyoyin ƙwai, daga sakamakon ne za ka yanke ko a yi mata magani ko a fitar da ita daga garken haihuwa.